Marayan da ba a yi wa ta'aziyya: riƙon yaran da iyayensu ke gidan yari

Idan magidanci ya rasu a unguwa, babu wanda ake koya wa abin da zai yi. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kwanukan abinci suna shigowa daga maƙwabta, liman ya yi sanarwa, kuma kafin sadakar uku an san marayu nawa ya bari da wanda zai riƙe su. Amma idan motar 'yan sanda ce ta tafi da shi, ƙofar gidan shiru take yi. Masu son zuwa jaje ba su san me za su ce ba, dangi suna jin kunya, matar gida ta daina fita biki da suna. Yaran kuwa cikinsu bai san bambancin mutuwa da ɗauri ba, tukunyar dai ta daina hawa murhu. Ga shi ba sa cikin jerin marayun masallaci, ba a tuna su a rabon kayan sallah, tunda ai ubansu yana raye.

Maganata da wanda nauyin ya faɗo wa ce: baffa, kawu, gwaggo, kaka, maƙwabci, malamin aji, ko ƙungiyar unguwa. Abu na farko da zai sa a ransa shi ne, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wanda aka ɗaure shekara uku an san ranar fitarsa. Mai jiran shari'a babu wanda ya sani, ko shi kansa. Wannan ne yake yaudarar dangi. Kullum ana cewa "ai zaman kotu na gaba za a ba da belinsa", sai a ƙi tsara komai, a yi ta ciyar da yara da rance da kame-kame har damina ta zagayo. A tsara riƙon kamar zai yi wata shida daga ranar farko. In ya fito a sati biyu, ba a yi asarar komai ba.

Kwanakin farko

A ranar da aka yi kamen, kafin a tafi caji ofis, wani babba ya shiga gidan ya ƙirga yaran da idonsa. Har da wanda ke makarantar kwana, da wanda ya tafi Islamiyya zai dawo ya tarar da ƙofa a kulle. Wannan ya fi tsanani idan uwa aka kama, musamman bazawara ko wadda mijinta ke cirani, domin ana iya ɗaukarta daga kasuwa babu wanda ya tambaye ta ko ta bar goyo a gida.

Sannan a nemi ganin wanda aka tsare, a tambaye shi abubuwan da shi kaɗai ya sani: ina makulli, ina katin asibiti da na rigakafi, wane yaro ne ke shan magani kullum, na sikila ne ko asma ko farfaɗiya ko na ƙanjamau, kuma ina ake karɓo shi. Maganin farfaɗiya da na ƙanjamau ba a yanke su kwatsam, kuma sau da yawa uwa ce kaɗai ta san yaron yana sha, don ta ɓoye wa dangi. A tambaye ta a keɓe. A tambayi wa ake bi bashi, wa ke bin gidan, yaushe kuɗin haya zai ƙare. A tambaye ta kuma wa take so ya riƙe mata 'ya'ya. Ka'idojin Bangkok kan kula da mata fursunoni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010, sun ce a bar mace mai riƙon yara ta shirya musu wurin zama kafin a shigar da ita, kuma a rubuta yawan yaran da inda suke. Ba kowane ma'aikaci ya san da wannan ba, amma in an roƙa da ladabi yawanci ana ba da 'yan mintoci.

Wani abu da ya kamata kowane gida ya sani: doka ta hana kama wani a madadin wani. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya faɗa ƙarara, dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita. Ba a tsare mata ko ɗa don miji ya gudu. In hakan ta faru, a kai maganar ga lauya ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke jihar a ranar, kada a jira.

Wa zai riƙe su

Kuskuren da aka fi yi shi ne rabon yara kamar rabon gado. A yi taron dangi, baffa ya ɗauki biyu zuwa Kaduna, gwaggo ta ɗauki mace ɗaya don ta taya ta aiki, ƙaramin a kai ƙauye, uwar a ce ta koma gidansu "kafin a ga abin da Allah zai yi". Kowa ya tashi yana ganin ya yi zumunci. Alhali yaron da ya rasa ubansa jiya, yau ya rasa uwa da 'yan'uwa da makaranta da abokan wasa. Idan uba ne aka tsare kuma uwa na nan da lafiyarta, ya fi sauƙi, ya fi arha, a bar su a ɗakinsu, dangi su haɗa kuɗin haya da cefane. Wanda zai iya ciyar da yaro biyu a gidansa zai iya aika abincin yaro biyu gidan uwarsu.

Idan uwa ce a tsare, fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'ar Musulunci ke bi ya jera masu haƙƙin reno: bayan uwa sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro ga sauran. Dangin uba sukan ji haushin wannan, amma akwai hikima a ciki, domin waɗannan ne za su ɗauki yaro su kai wa uwarsa ta gan shi. Inda ake yin ɓarna shi ne a bar yara a hannun kishiya alhali rigimar da ta kai uwar gidan yari da kishiyar aka yi. Ko da matar kirki ce, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfin zuciya.

Akwai kuma wani giɓi da mutane ba sa lura da shi. A Malikiyya ciyar da yaro wajibi ne a kan uba. Ba a tilasta wa baffa ko kawu, kai ko kaka ma. Ke nan duk abin da dangi suka yi alkawari a taro kyautatawa ce, babu alƙalin da zai matsa musu in sun janye, kuma irin wannan alkawari a wata na uku yake fara sanyi. Maganinsa a rubuta. A samu littafi ɗaya, a gaban mai unguwa ko liman, a sa sunan kowa da abin da ya ɗauka da ranar da zai kawo. Kuma a naɗa mutum ɗaya tak wanda yaran ke wuyansa, wanda makaranta za ta kira, wanda uwar za ta buga wa waya cikin dare in zazzaɓi ya tashi. Yaron da aka ce "na kowa ne" shi ne ke kwana da yunwa, kowa yana zaton wani ya kai.

Abinci da dukiya

Ga lissafin da za a iya farawa da shi. Uwa da yara huɗu suna buƙatar hatsi kimanin rabin buhu a wata, wato kwano 20 in buhun mai kwano 40 ne, da wake kwano 3, da mai lita 4, sai gishiri da kayan miya da sabulu da makamashi. Kuɗin niƙa da na gawayi ko itace su ne ake mantawa, sai a kai wa mace masara tsaba ba ta da abin kai ta inji. A kai hatsin sau ɗaya a wata a rana sananniya, kuɗin cefane kuma duk sati, a hannun uwar ko mai riƙon, ba ta hannun ɗan aike ba. Ɗan kaɗan da ba ya yankewa ya fi buhu uku na rana ɗaya da za a ɗauki hoto a tafi. Kuma don Allah a bar ɗaukar hoton. Yaron da aka sa fuskarsa a Facebook da rubutun "'ya'yan fursuna" zai girma hoton yana nan.

Zakka ta halatta a kansu in talakawa ne, ba sai sun zama marayu ba. Jihohi irin su Sakkwato da Kano da Zamfara suna da hukumomin zakka, masarautun Jigawa ma suna da kwamitocinsu, kuma takarda daga mai unguwa ko hakimi tana buɗe ƙofa. Mai jin ƙyashin taimakon iyalin "mai laifi" ya tuna Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma a Suratul Insan an yabi masu ciyar da miskini da maraya da wanda ke tsare a jere guda.

Abin da ya fi cin gidaje shi ne gaggawar sayar da abin sana'a. A satin farko, cikin ruɗewa, a sayar da babur ko keken ɗinki ko injin markaɗe a miƙa wa wani da ya ce ya san manya, zai fito da shi gobe. Kuɗi ya tafi, mutum bai fito ba, abin da zai ciyar da yara ma ya tafi. Abin da ke kawo kuɗi kullum shi ne na ƙarshe da za a taɓa. Babur a ba amintacce haya yana kawo balas, gona a ba da ita noma a raba. Kuma kafin a biya kowa a je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don wanda ba shi da kuɗin lauya, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. A Nijar ma akwai hukumar gwamnati mai irin wannan aiki, ANAJJ.

Me za a gaya wa yaro

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. "Abba ya yi tafiya." "Umma tana asibiti." Ƙaryar tana sayen kwanciyar hankalin sati ɗaya ko biyu. Amma unguwa ba ta da rufi. Wata rana wajen ɗiban ruwa ko a filin ƙwallo wani yaro zai ce masa "kai da ubanka ke gidan yari", ya dawo gida da abu biyu: labarin, da sanin cewa duk manyan gidansu sun haɗa baki sun yi masa ƙarya. Daga nan ko gaskiya aka faɗa masa ba zai yarda ba. Wanda aka ce wa uwarsa tana asibiti kuwa kullum cikin tsoron mutuwarta yake, wanda aka ce wa tafiya ce yana tambayar kansa me ya sa ba a yi masa sallama ba, ko wani laifi ya yi.

A faɗa masa a cikin kwanakin farko, a ɗaki, ba a gaban baƙi ba, kuma wanda ya fi sabawa da shi ya faɗa. Ga ɗan shekara huɗu zuwa bakwai, magana gajera ta isa. Kaka ta zaunar da shi kusa da ita ta ce: "Abbanku yana wani gida da hukuma take ajiye mutane in ana binciken wata magana. Ba zai iya fitowa ba sai alƙali ya ce. Yana cin abinci, yana salla, yana tambayarku. Ba abin da ka yi ne ya jawo ba. Ni ce zan riƙa kai ka makaranta." Shi ke nan. Zai iya tashi ya koma wasa kamar bai ji ba, sai bayan kwana uku ya jefo tambaya ana tsakar cin tuwo: ana dukansa? Ni ma za a zo a kama ni? A amsa abin da ya tambaya kawai, da gaskiya, ba tare da ƙari ba.

Ga mai shekara goma zuwa sama, a faɗi sunan abin da ake tuhuma, domin zai ji a waje kuma na wajen ya fi muni. A koya masa bambancin tuhuma da hukunci. In an riga an yanke hukunci kuma laifin gaskiya ne, kada a ce sharri aka yi masa don a faranta wa yaro, sai ya tashi da gabar hukuma da ta wanda ya kai ƙara. Ana iya cewa: "Ya yi kuskure, yana biyan abin da ya yi, kuma har gobe ubanka ne." Kada kuma a zagi uban a gabansa, ko da uwar tana da dalilin jin haushi. Yaro yana jin rabinsa ake zagi.

Ba a yi wa yaro alkawarin rana. "Zai dawo kafin sallah" in ba ta tabbata ba, sallar ta lalace. In an yanke hukunci, a nemi ainihin ranar fita daga ofishin ajiye bayanai na gidan, domin akwai ragin kashi ɗaya cikin uku ga mai ɗa'a, abin da ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Sai a ƙirga wa yaro da abin da ya sani: saura azumi biyu, ko sai ka shiga aji shida.

A kuma ba shi abin faɗa in an yi masa gori, jumla ɗaya da zai haddace: "Maganar tana kotu, ba ruwanka." Yaron da ba shi da amsa da hannu yake ramawa.

Za a ga canji. Fitsarin kwance ga wanda ya daina, firgita cikin barci, maƙale wa uwa, ɓuya in ya ga mai kaki, faɗa a makaranta, ƙin abinci. Dukan yaro ba ya gyara ko ɗaya, ƙara su yake yi. Yawanci suna lafawa cikin makonni in lokacin barci da na abinci da na makaranta bai canja ba. In an wuce wata guda abin yana ƙaruwa, ko yaro ya daina magana, ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti tare da addu'ar da ake yi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Makaranta

Duk abin da za a rage, kada a fara da makaranta. In kuɗin ta kuɗi ya gagara, a mai da shi ta gwamnati a zangon nan, kada a ce ya zauna gida "kafin abubuwa su daidaita", domin zango ɗaya ke zama shekara. A sanar da mutum ɗaya a makarantar, malamin aji ko shugaba, a roƙe shi ya riƙe sirri ya sa ido. A duba takardar haihuwa da lambar NIN tun da wuri, don rajistar JAMB ba ta yiwuwa sai da ita, kuma uban da ya san inda takardun suke ba ya nan.

Hanyoyi huɗu ne yaran ke zamewa: mace a ɗora mata talla ko a kai ta aikatau birni, ko a yi mata auren gaggawa don a rage baki; namiji a tura shi almajiranci nesa ba don karatu ba sai don babu abinci, ko ya koma majalisar da ake shaye-shaye. Babban ɗa namiji shi ya fi shiga haɗari, domin kowa yana ce masa "yanzu kai ne uban gida". Ɗan shekara goma sha huɗu ba uban gida ba ne. A haɗa shi da wani babba namiji, kawu ko maigidan sana'a, wanda zai gan shi kullum bayan an tashi makaranta.

Ziyara

Babba ya fara zuwa shi kaɗai. Ya nemi ofishin walwala na gidan, ya tambayi ranakun ziyara da sa'o'i, ko ana shiga da yara, da irin katin shaidar da ake karɓa, domin ko a cikin Kano tsarin gidan yarin Kurmawa ba lallai ya zama na Goron Dutse ba, balle na wata jiha. A ka'ida ba a biyan kuɗin ziyara. Yawanci ana ajiye waya a ƙofa, ana caje mutum, abincin da aka kawo kuma mai kawowa zai ɗanɗana a gaban gandiroba. Kwalba da gwangwani da duk abu mai kaifi a bar su a gida.

Sannan a ba yaro labarin wurin kafin ya gani: doguwar katanga, masu kaki da bindiga, za a taɓa aljihunsa, akwai hayaniya, Abba ya rame ko an yi masa aski, kuma ba zai biyo mu gida ba. Wannan ta ƙarshen a faɗe ta sau biyu. A ciyar da shi kafin a fita, a riƙe ruwa, don layin yana iya kai awa biyu a rana. In ya ce ba zai je ba, kada a tilasta, a sake tambaya bayan sati biyu.

Lokacin ganawar gajere ne, kuma abin da ke faruwa shi ne manya su cinye shi da zancen lauya da bashi, yaro yana tsaye yana kallon ƙasa, sai a ce lokaci ya yi. A raba: maganar shari'a a ranar da babba ya zo shi kaɗai, ranar yara ta yara ce. Ya zo da abin nunawa in an yarda, sakamakon jarrabawa ko surar da ya kai, don uban ya samu abin tambaya. Shi ma uban a gaya masa tun kafin ranar kada ya ɗora wa yaro kuka da wasiyya. Ziyara ɗaya a wata da ba ta fashi ta fi ta kowane sati da za a gaji a bari. In an mai da shi gidan da ke nesa, wasiƙa tana aiki, sai dai a san ma'aikata za su karanta.

Banda guda: idan abin da ya kai mutum ciki cutar da yaron ne ko uwarsa, duka ko fyaɗe, to babu ziyara, babu aiken gaisuwa, babu matsa wa yaro ya yafe ko ya canja magana a kotu don a rufa asirin gida. A nan aikin dangi kare yaron ne daga dangi.

Jaririn da ke ciki tare da uwarsa

Mata ba su wuce kimanin biyu cikin ɗari na waɗanda ke tsare ba, shi ya sa gidajen da aka gina don su kaɗai, irin na Kirikiri a Legas, 'yan kaɗan ne, yawancinsu wani ɓangare ake ware musu a gidan maza. Tsohuwar ka'idar gidajen yari ta yarda jariri mai shan nono ya zauna da uwarsa har wata 18. Dokar 2019, wadda ta canja sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta ce a sashe na 34 a tanadi ɗakin reno da kulawar masu ciki da masu shayarwa. Abin da ke takarda ke nan. A aikace dangi su ɗauka cewa kayan jaririn a wuyansu yake: sabulu, zannuwa, gidan sauro, man shafawa, da ƙarin abinci ga uwar.

Wata shidan farko nono zalla. Daga nan garin kunu ya fi dafaffen abinci amfani, don yana ajiyuwa: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken soya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon, a niƙa tare, a zuba a roba mai murfi. Katin rigakafi ya zauna a hannun uwar, amma wani a waje ya rubuta ranakun yana tuna wa ma'aikacin lafiyar gidan: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15. A kowace ziyara a auna damtsen yaron da ya wuce wata shida da tef ɗin nan mai launi da ma'aikatan lafiya ke gwada tamowa da shi. In ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti za a nema a ranar. Tarin da ya kai sati biyu, nasa ko na uwar, a nemi gwajin tarin fuka, domin cunkoso ne gidansa. Wurin yin takardar haihuwa kuma kada a bari a rubuta gidan yari a matsayin wurin haihuwa. Ka'idojin Mandela na 2015, na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, sun hana, sunan gari ya isa.

Fitar da shi ita ce mai wuya. Yayen da muka saba na rana ɗaya ne, a ɗauke yaro a kai wa kaka, ya yi kukan kwana uku ya haƙura. Amma can uwar tana nan kusa, nan kuwa katanga ce tsakani, kuma yaron bai san fuskar kowa a waje ba. A fara shiri tun yana shekara ɗaya. Wadda za ta karɓe shi ta riƙa zuwa duk ziyara, ta ɗauke shi, ta ba shi kunu da hannunta, ta goya shi. Ranar fita a haɗo da zanin goyon uwar ba a wanke ba, a kuma dawo da shi ta gan shi cikin sati biyu.

Gajarta zaman

Duk hatsin da za a kai bai kai a dawo wa yara da mahaifinsu ba, kuma da yawa suna zaune ne kawai don babu mai bin takardarsu. A littafin nan na riƙo a buɗe shafi: lambar ƙara, sunan kotu, ranar zama na gaba, sharuɗɗan beli. Wani ya halarci kowane zama. In tuhumar babba ce aka kai ta kotun majistare, ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, to can fayil ke barci, sai lauya ya rubuta yana tuni. A dokar tarayya umarnin tsarewa na farko kwana 14 ne, ba a sabunta shi sai da dalili, jihohi kuma suna da nasu kwanakin. Mace tana iya tsayawa beli, sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi ta don ita mace ce.

A tambaya ko hukuncin yana da zaɓin tara. Akwai masu zaman watanni kan kuɗin da bai kai na tunkiya ba. A Nuwamban 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 ta fara sakin mutum 4,068 da tara ce kawai ta riƙe su. Masallacin unguwa zai iya yin irin wannan ga mutum ɗaya, a biya a kotu a karɓi rasit. A sa ido kan zagayen da Babban Jojin jiha ke yi a gidajen yari, da afuwar gwamna lokacin azumi da sallah, a tabbata sunansa ya shiga ta ofishin walwala. Kuma kafin yanke hukunci lauya ya gaya wa alƙali yara nawa ne, shekarunsu, da wanda ke ciyar da su. Sashe na 30 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ya ce a fara duba hukuncin da ba ɗauri ba ga mai ciki da mai ƙananan yara, kuma dokar 2019 ta tanadi aikin al'umma a madadin zaman gidan yari. Alƙali ba zai san da yaran ba in ba a faɗa ba.

Ranar da ya fito, kada a zaci komai zai koma yadda yake a daren. Ƙaramin yana iya ɓuya a bayan kaka, ko ya kira ta Umma a gaban uwarsa. Babban ya saba da rashin mai ce masa ina ka je. Matar ta koyi riƙe kuɗi da yanke shawara. A bar ƙaramin ya ci gaba da kwana inda ya saba na sati biyu ko uku, yana wuni wurin mahaifan, har ya nemi komawa da kansa. Hatsin wata kuma kada a yanke shi ranar fitowa, domin mutumin ya dawo ba jari, ba abokan ciniki, wani lokaci ba lafiya. A ci gaba da kaiwa wata uku, a mai da masa babur ɗinsa ko keken ɗinkinta, sannan a zauna gaban mai unguwar da aka fara a gabansa a karanta littafin a rufe.